Abin da ke tsaga wuyan raƙumanka

Yarona, na ga hoton raƙuman yumɓun da suka tsage a wuya da ƙafa, kana tambaya wai ko yumɓun ne ya lalace tunda haka kake ginawa tun Disamba ba abin da ya same su. Yumɓu lafiyarsa lau, bazara ce ta fara leƙowa kai kuma kanka na duƙe ba ka lura ba. Hazo ya janye, dare ya yi mutum na ture bargo, bedi ya fara fure kana jin ƙamshinsa bayan isha'i, in ka bi ta gadar Kennedy ma za ka ga ruwan kogin Isa (Neja) ya soma ja da baya. Daga ganin waɗannan mai aikin laka yake sake hannu, ba sai Afrilu ta zo zafi ya haura 40 a Yamai ba.

To ga abin da ke faruwa, yumɓu in yana bushewa ƙanƙancewa yake, wuya da ƙafa sirara ne sai su riga tozo da ciki bushewa, su ja, gangar jikin kuwa da sauran ruwa ba ta motsa ba, dole wajen haɗin ya ɓalle. Lokacin ɗari sanyi na rufa maka asiri, yanzu kam babu.

Ka daka tsingaro ka tankaɗe ka ƙara a kwaɓin fiye da da, haka matan ƙauyen Bubon kusa da Yamai da ke ginin tukwane suke yi, ba banza ba tulunansu ke jure wuta, je ranar Laraba kasuwarsu ka buɗe ido. Ka rarake cikin raƙumin kada ka bar shi cunkus, ka huda ƙaramin rami ta ƙasa don tururi ya samu hanya ranar gashi. Aiki kuma bayan asuba, hantsi na yi ka tsaya. Ƙafafu da wuya ka naɗe su da jiƙaƙƙen tsumma, ka lulluɓe duka da leda a cikin ɗaki nesa da iska, kullum kana ɗan buɗewa kaɗan kaɗan. Na san kana sauri saboda masu saye a Musée, gidan tarihi na Yamai, amma wallahi rana ɗaya a tsakar gida ta isa ta kashe maka aikin sati.

Waɗanda suka tsage ɗin kada ka zubar, tunda ba su ga wuta ba farfasa su ka jiƙa a bokiti, jibi ka zo da su shago mu sake kwaɓawa.