Amsa: Dawo da rubutun Java daga fayil ɗin .jar

Ɗan'uwa, ka ce kwamfutarka ta mutu tana wurin mai gyara a Tudun Wada, .jar ɗin aikinka (fayil ɗin da ke ƙunshe da shirin Java bayan an haɗa shi) kaɗai ya rage a filasha, kana tambaya ko rubutun Java zai dawo daga cikinsa. Zai dawo, kuma ba sai ka biya kowa ba. Sauko da CFR, manhajar da ke mayar da .jar zuwa rubutun Java, kyauta ne, ka ajiye shi folda ɗaya da aikinka, ka buɗe tamina ka rubuta: java -jar cfr.jar aikinka.jar --outputdir fito. Zai warware baitkod (haɗaɗɗen umarnin da inji ke karantawa) na kowane fayil ɗin .class da ke cikin .jar ɗin, ya zuba maka fayilolin .java a cikin fito. Kada ka ɓata lokaci da javap -c, umarnin JVM (injin da ke gudanar da Java) tsirara zai jero maka, su iload da invokevirtual.

Sai dai abin da zai fito ba sak da naka ba ne. Duk bayanin da ka rubuta bayan // ya tafi, don javac, mai haɗa rubutun Java, ba ya shigar da shi cikin .class tun farko. Sunayen aji (class) suna nan, amma in ba da -g (zaɓin javac da ke adana sunayen variable na cikin method) aka haɗa shi ba, za ka ga n2 ko string a inda ka sa jimillarKuɗi. Na taya ɗaliban Kaduna Poly irin wannan, kuma abin da nake fara sa su yi shi ne su sake haɗa abin da ya fito da javac kafin su taɓa ko suna ɗaya. In wani sashe ya gagari CFR, ka gwada shi da Procyon ko Fernflower, manhajoji ne masu aiki irin na CFR, sau da yawa ɗayansu yakan fitar da shi.