Wasa kan marasa muhalli: me zan fara saya?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe. Aikin kammala karatuna shi ne ƙera wasan kwamfuta da zai koya wa matasa taimakon marasa muhalli, masu kwana a bakin titi da ƙarƙashin gada. Na tara 'yan kuɗi. Abokaina sun ce sai na sayi sabuwar kwamfuta mai ƙarfi na koyi Unity, manhajar ƙera wasanni. Tawa ta tsufa, in ta daɗe a kunne har zafi take yi. Me zan fara saya?

Amsa: Ƙanena, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Irin wasan da kake nufi labari ne da zaɓi, ba tseren motoci ba, kuma tsohuwar kwamfutarka za ta ɗauka. In labarin ne kan gaba, fara da Twine, manhajar ƙera labari mai zaɓi wadda Chris Klimas ya fitar a 2009. Kyauta ce, kuma abin da ka ƙera zai buɗe a kowace waya mai intanet. In kana son hotuna da fuskoki masu magana, ga Ren'Py. In kuma dole sai ɗan wasa ya yi yawo cikin gari, ɗauki Godot, ita ma kyauta, mara nauyi. Unity ba ta da laifi, amma ta yi wa wannan aiki yawa, ga nauyi a kan na'ura. Hotuna da sauti ma kada ka saya yanzu, akwai na shafin intanet na Kenney da kowa ke da izinin amfani da su.

Inda na fi jin tsoro ba na'ura ba ce. A 2011 kamfanin talla na McKinney ya ƙera wa wata cibiyar taimakon marasa muhalli, Urban Ministries of Durham a Amurka, wasa mai suna Spent. Ana ba ka dala 1,000 a ce ka kai ƙarshen wata: kuɗin haya ko magani, gyaran mota ko bukatar yaro. Ya yi farin jini sosai. Sai dai a 2016 Gina Roussos da John Dovidio na Jami'ar Yale suka nuna cewa wasan na iya sa wasu su ƙara yarda cewa talauci abu ne da ke hannun mai shi. Dalilin a fili yake. Ka ba mutum maɓalli ya danna, in ya faɗi sai ya ce ai zaɓin ne bai iya ba, haka ma wancan na titi. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Saboda haka ka sa wasu ƙofofi su ƙi buɗuwa duk dabarar ɗan wasa. Mutum ya je neman aiki a ce ina adireshi. Ya je neman katin shaida a ce kawo takardar da aka sace masa tare da jakarsa yana barci. Wayarsa ta mutu ranar da za a kira shi, babu inda zai yi caji. Shi kuma mai taimako a wasan, kada aikinsa ya tsaya a miƙa sadaka. Duba tsarin da Sam Tsemberis ya fara a New York a 1992, wanda ke ba mutum ɗaki da farko ba tare da sharaɗi ba, sauran taimako ya biyo baya. Finland ta rungume shi tun 2008.

Kuɗin naka kuwa, kashe su wajen zuwa wata cibiya da ke wannan aiki. Nemi izini, ka zauna da waɗanda suka taɓa kwana a waje, ka biya su ladan lokacinsu kamar yadda za ka biya kowane mai ba da shawara, ka sakaya sunayensu. Zana wasan a kan katunan takarda su fara bugawa, ka riƙe biro kana rubuta duk inda suka ce ba haka ake yi ba. In wani abu ya rage, ƙara wa tsohuwar kwamfutarka RAM, wato ma'adanar da take riƙe aikin da take yi, ka kai ta a share mata ƙurar fanka.