Amsa ga mai tambaya kan masu ƙin katsalandan na gwamnati

Malam, ka tambaya ko masu wannan ra'ayi so suke a soke gwamnati baki ɗaya. A'a, mafi yawansu ba haka suke cewa ba. Sun yarda a samu kotu, jandarma da soja don kare rai da dukiya. Abin da suke ƙi shi ne hukuma ta wuce nan ta shiga abin da mutum zai faɗa, zai saya ko zai sayar, alhali bai cuci kowa ba.

Ga misali a gida. Dokar laifukan intanet ta Nijar ta 2019 ta tanadi ɗauri kan ɓata suna. A 2022 aka cire ɗaurin aka bar tara, sai a Yunin 2024 gwamnatin soja ta mayar da shi. Hujjar masu ƙin katsalandan ita ce, doka irin wannan wuƙa ce, duk wanda ya hau mulki shi ke riƙe da ƙotarta. Mai tafa mata yau, gobe da ita za a kama shi kan saƙon WhatsApp.

Ta fannin kasuwa kuma, ka tuna rufe iyakar da Najeriya ta yi a Agustan 2019? 'Yan kasuwar Damagaram da Magarya da Matamai sun ji jiki, masu fasa-ƙwauri kuwa suka samu garaɓasa.

Inda ni ban bi su ba shi ne batun asibiti da makaranta. Talakan karkarar Tanut ba zai jira ɗan kasuwa ya gina masa su ba.