Kun Tambaya, Mun Amsa: Rabuwar Ƙwayar Halitta a Saiwar Albasa

Tambaya: Sau uku ke nan ni da ɗalibaina muna duba saiwar albasa a madubin likita don mu ga maitosis, wato rabuwar ƙwayar halitta gida biyu, amma dogayen ƙwayoyi kawai muke gani kamar an jera bulo, ko kuromosom (zaren da ke ɗauke da bayanan gado) ɗaya babu. Ina gizo yake saƙar? (Daga wata malamar kimiyya)

Amsa: Malama, galibi laifin wurin yanka ne. Rabuwa a tsinin saiwa take faruwa, cikin milimita 1 zuwa 2 na ƙarshe. Daga nan zuwa sama ƙwayoyin sun daina rabuwa, tsawo kawai suke yi, kuma su ne dogayen da kike gani. Waɗanda ake nema ƙanana ne masu kusurwa huɗu, a cunkushe.

Ki ɗora albasa a bakin kofi, gindinta na taɓa ruwa, kwana 3 zuwa 5, har saiwoyin su kai santimita 2. Ki yanke tsinin, ki jiƙa shi minti 5 cikin asid ɗin HCl mai ƙarfin mola 1 da aka ɗumama zuwa digiri 60. Aikin asid ɗin shi ne narkar da fektin, ƙaron da ke manne ƙwayoyin da juna. In bai jiƙu sosai ba, ƙwayoyin za su hau kan juna, haske ya kasa ratsawa. In ya wuce lokaci kuma su dagargaje. Ki ɗauraye da ruwa, don ragowar asid na hana rini kamawa. Ki ɗora tsinin a kan gilashin dubawa, sai ɗigo ɗaya na rinin asito-osin, ki ba shi kamar minti 10, ki rufe da siririn gilashi, ki ɗora takarda mai shan ruwa, ki danna da babban yatsa kai tsaye ƙasa. Kada ki murza, murzawa na nannaɗe ƙwayoyin. Ki fara dubawa a ninki 100, in kin samu wurin ki koma 400.

Tambaya: Me ya sa kusan duk ƙwayoyin kamanninsu ɗaya, kuma yaya zan bambance matakan? (Daga wani ɗalibin sakandare)

Amsa: Don kusan tara cikin goma na zagayen rayuwar ƙwaya a intafes take yinsa, wato lokacin da ke tsakanin rabuwa da rabuwa, mai zango uku. A ido kamar barci take, alhali aiki ne tuƙuru: a G1 tana girma, a S tana kwafe DNA ɗinta, wato sinadarin gadonta, a G2 tana shirin rabuwa. Cibiyarta dunƙule kawai za ka gani.

A furofes, matakin farko na rabuwar, zaren kuromosom ke naɗewa ya yi kauri, fatar cibiya ta watse. Wannan zare ne ya sa Walther Flemming ya raɗa sunan maitosis a 1882, daga kalmar Girkanci mai nufin zare. A metafes kuromosom 16 na albasa suna yin sahu a tsakiya, kowanne tagwaye ne manne a wuri guda. A anafes tagwayen ke rabuwa, wasu siraran zaruruwa da ake kira sifindil su ja 16 gefe guda, 16 ɗaya gefen, a lanƙwashe kamar harafin V. Anafes ne mafi gajarta, don haka kada ka damu in ka ƙirga ƙwayoyi ɗari ka samu ɗaya ko biyu kacal.

Telofes ne wurin da tsiro ya sha bamban da dabba. Ƙwayar dabba tsukewa take daga waje har ta tsinke biyu. Ta tsiro bangonta mai tauri ba zai tsuku ba, sai ta gina sabuwar katanga daga ciki: ƙananan jakunkuna daga Golgi, wani sashe na cikin ƙwayar, su taru a tsakiya, su haɗe su zama faifai, faifan ya yi ta faɗi har ya taɓa tsohon bango. In ka ga cibiyoyi biyu da siririn layi tsakaninsu wanda bai kai gefe ba tukuna, telofes ke nan.