Na yi rubutu a Facebook kan kisan Yahudawa, 'yan sandan Jamus sun aiko mini da takarda

Tambaya: Barista, barka da aiki. Ina zaune a Jamus da takardar zama, kuma ina shirin neman zama ɗan ƙasa. Kwanakin baya ana gardama a Facebook kan zanen ɓatanci ga Annabi (SAW), raina ya ɓaci, na rubuta cewa adadin Yahudawan da ake cewa Hitler ya kashe zuzutawa ne. Yanzu ga takarda daga 'yan sanda, an rubuta Vorladung (wato takardar kira) a samanta, ana zargina ƙarƙashin sashe na 130. Ta yaya za a bar wasu su taɓa addinina da sunan 'yancin faɗar albarkacin baki, ni kuma a hana ni magana kan tarihi? Mene ne mafita?

Amsa: Malam, ka fara da riƙe bakinka. Wanda ake zargi a Jamus ba dole ba ne ya amsa kiran 'yan sanda. Idan mai gabatar da ƙara ko alƙali ne ya kira, tilas ka je, amma ko a can kana da ikon yin shiru kan zargin. Sunanka, ranar haihuwa da adireshi kawai ake bin ka. Mutane da yawa suna zuwa ofishin 'yan sanda da niyyar wanke kansu, su ce "ai fushi ne ya sa na rubuta". Da wannan jimla sun tabbatar da abu biyu da sai an sha wuya kafin a tabbatar: cewa shafin nasu ne, kuma da hannunsu suka rubuta. Ka nemi lauyan da ya ƙware a shari'ar manyan laifuka, ya nemi ganin fayil ɗin binciken, sannan ku yanke ko za ka yi bayani a rubuce. Idan Jamusancinka bai nuna ba, kana da haƙƙin tafinta kyauta. Ka ɗauki hoton rubutun tare da duk gardamar da ta kewaye shi, ka ba lauyan, sannan ka sauke shi. Saukewa ba ta goge zargin, domin suna da kwafi, amma barinsa a fili yana ƙara maka nauyi. Ka kuma san cewa a irin wannan bincike akan samo izinin kotu a binciki gida, a ɗauke waya da kwamfuta.

Sashe na 130, sakin layi na 3, na kundin hukunta laifuka ya haramta yabawa, musantawa ko raina girman kisan ƙare-dangin da 'yan Nazi suka yi, in an yi shi a bainar jama'a ta yadda zai iya dagula zaman lafiya. Hukuncin tara ce ko ɗauri har shekara 5. Kalmar "zuzutawa" da ka yi amfani da ita tana faɗawa cikin raina girma, kuma shafin Facebook da kowa ke iya gani bainar jama'a ne. Tun 1994 Kotun Tsarin Mulkin Jamus ta ce musanta wannan kisa ƙarya ce da aka riga aka tabbatar, don haka sashe na 5 na tsarin mulki ba ya kare ta. Kotu ba za ta saurari hujja kan adadi ba. Kuma gaskiyar magana, adadin kimanin miliyan 6 ya fito ne daga takardun 'yan Nazi kansu, ƙidayar jama'a kafin Yaƙin Duniya na Biyu da bayansa, da shaidun shari'ar Nuremberg da aka yi wa manyan 'yan Nazi bayan yaƙin. Abin da ka rubuta ba daidai ba ne, ko da babu doka.

Batun tuwona-maina da ka kawo yana da ƙamshin gaskiya, kuma ba zan raina shi ba. Faransa ta haramta musanta kisan Yahudawa da dokar Gayssot ta 1990, amma a 2012 Majalisar Tsarin Mulkinta ta soke dokar da za ta hukunta musanta kisan da aka yi wa Armeniyawa a zamanin Daular Usmaniyya ta Turkiyya. A 2015 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta ce Suwizalan ta tauye haƙƙin ɗan siyasar Turkiyya Doğu Perinçek da ta hukunta shi kan musanta kisan Armeniyawan. Ita kanta Jamus sai a 2021 ta amince cewa abin da sojojinta suka yi wa ƙabilun Herero da Nama a Namibiya tsakanin 1904 da 1908 kisan ƙare-dangi ne, kuma sai a ƙarshen 2022 ta faɗaɗa sashe na 130 ya taɓo musanta sauran irin waɗannan laifuka, da hukuncin da bai wuce shekara 3 ba. Kowace ƙasa tana tsare mikin da ya fi yi mata zafi.

Sai dai ba gaskiya ba ne cewa addini ba shi da kariya ko kaɗan. Sashe na 166 a Jamus yana hukunta zagin addini in zai dagula zaman lafiya, ko da yake ba kasafai ake samun mutum da laifin ba. A 2018 kotun Turai ɗin nan ta goyi bayan Ostiriya da ta ci wata mata tara kan ɓatanci ga Annabi (SAW), a 2023 kuma Denmak ta haramta wulaƙanta littattafai masu tsarki. Abin da ya fi muhimmanci gare ka shi ne, "an ƙyale wane" ba kariya ba ce a kotun Jamus. Alƙali rubutunka zai duba, kuma kawo wannan hujja yakan nuna masa cewa ba ka yi nadama ba.

Hanyoyin da ke gabanka su ne waɗannan. Mai gabatar da ƙara na iya rufe fayil in hujja ba ta isa ba, ko kuma ya rufe bisa sharaɗin ka biya wani kuɗi ƙarƙashin sashe na 153a na dokar tafiyar da shari'a, kuma wannan ba ya zama hukunci a kanka. Nan ya kamata lauyanka ya sa ƙarfinsa. In ba haka ba, galibi takardar hukunci ce za ta zo ta gidan waya, wadda ake kira Strafbefehl. Mako 2 kacal gare ka ka ƙalubalance ta a rubuce daga ranar da aka kawo. In ka bari suka wuce, ta zama hukunci kamar an yi zaman kotu. Ana lissafa tarar da kwanaki: kuɗin da ke shigo maka a wata bayan haraji a raba 30, a ninka da adadin kwanakin da aka yanke. Mai samun Yuro 1,800 da aka yanke wa kwana 60 zai biya Yuro 3,600.

Kada ka yi saurin biya don a wuce wurin. A ƙa'ida, tarar da ba ta haura kwana 90 ba ba ta hana zama ɗan ƙasa, amma wannan sassauci ba ya aiki in kotu ta gano ƙyamar Yahudawa ko wariyar launin fata ce ta sa aka aikata laifin. Tun Yunin 2024 ma, mai neman zama ɗan ƙasa sai ya amince da alhakin da tarihi ya ɗora wa Jamus na kare rayuwar Yahudawa. Don haka ka faɗa wa lauyanka tun zaman farko cewa kana shirin neman takardar ƙasa, kuma kada ka ɓoye binciken a fom ɗin nema, domin ana dakatar da buƙatar har sai an kammala shari'ar.