Amsa ga mai tambaya kan lambar sirri ta oba-oba da ƙarar madannin waya

Salam 'yan uwa. Na ga tambayar ɗan'uwan da ya ce sun sayo oba-oba guda shida don 'yan sintirin unguwarsu, mai shago ya ce musu in sun sa lambar da ake kira CTCSS ba wanda zai ji maganarsu, yana kuma son sanin ko irin ƙarar nan ce da waya ke yi in ana danna lamba. To ƙanena mai shagon nan rabi ya faɗa maka, amma bari in ɗauko maka daga tushe, don da gyaran waya na ci abinci tun zamanin wayar girke, kafin GSM ta shigo mana a 2001.

Wayar da na fara koyo a kanta mai faifai ce, ka sa yatsa ka juya. Ita ba sauti take aikawa ba, katse layin take tana haɗawa kusan sau 10 a sakan ɗaya, in ka juya 3 ta katse sau uku, sifiri kuma sau goma. Shi ya sa maigida zai sa ɗan kwaɗo a faifan ya tafi kasuwa hankalinsa kwance, yara kuma sun gano in ka bubbuga wurin ajiye kan wayar da sauri daidai lissafi kira zai tafi. An sha kirana wai bil ya yi yawa alhali waya a kulle take, in auna layi in ga lafiya lau, sai dai in kalli yaran gidan su ma su kalle ni.

Ita mai madanni kamfanin Bell ne ya fito da ita a Amurka a 1963, ita ce DTMF. Kowane madanni sauti biyu yake fitarwa tare, ɗaya ƙasa ɗaya sama, misali 1 shi ne 697 da 1209 Hz (Hz ma'aunin kaifin sauti ne), 5 kuma 770 da 1336. An haɗa biyu ne don kada muryar mutum ko kukan yaro ya ruɗi injin ya ɗauka lamba aka danna. Har yau in ka kira banki ko kamfanin layi aka ce danna 1 don Hausa, wannan tsarin ne ke aiki.

Abin da nake so ka riƙe, waɗannan sautukan inji ne ke magana da inji, kai dai kana tsakiya ne kana ji. Kuma nan matsalar ta fito, don a hanya ɗaya da murya suke bi. A wancan zamanin, a manyan layukan nesa na Amurka in layi ba kowa a kai sautin 2600 Hz yake ɗauke da shi. Wani yaro makaho, Joe Engressia, tun a shekarun 1950 ya gano zai iya yin wannan sautin da fito da bakinsa, daga baya John Draper ya yi suna da wani usur na roba da ake sawa kyauta a kwalin abincin yara na Cap'n Crunch, shi ma 2600 ɗin yake bayarwa. Sai mutum ya kira lambar kyauta, ya busa, injin can nesa ya ɗauka an ajiye waya ya saki layi yana jiran sabuwar lamba, injin da ke lissafin kuɗi kuma yana nan yana ganin kiran kyauta ne. Steve Wozniak da Steve Jobs ma sai da suka ƙera 'yar na'urar yin wannan suka sayar kafin su kafa Apple. Maganin da aka yi shi ne aka raba hanya, murya daban umarnin inji daban, shi ne ya kai ga tsarin SS7, daga nan usur ya koma abin wasan yara.

Yanzu ga oba-obarku. CTCSS shi ma sautin inji da inji ne, amma ba irin ƙarar madannin waya ba ne. Motorola ce ta yaɗa shi da sunan Private Line, wato layin sirri, kuma wallahi sunan nan shi ke yaudarar mutane har yau. Wani ɗan gurnani ne can ƙasa, daga 67 zuwa wajen 250 Hz, yana tafiya tare da muryarka muddin kana danne da maɓallin magana, rediyon ke tace shi shi ya sa ba ka ji. Aikinsa kawai ya ce wa rediyon abokinka buɗe lasifika, namu ne. Wato kunnenka yake toshewa daga hayaniyar wasu da ke tasha ɗaya da ku, bai rufe bakinka daga kunnen kowa ba. Duk wanda ya kamo tasharku bai sa kowace lamba ba, to zai ji ku tas. Kuma in wasu na magana a tashar ku ba ku sani ba kuka danna, maganganun za su haɗu su cakuɗe, na ga an mayar da rediyo shago a kan wannan wai ta lalace alhali lafiyarta ƙalau.

Ɗan ƙit ɗin da take yi in an saki maɓalli kuma shi alama ce kawai ta na gama, maimakon ka ce oba. Ni shawarata ku kashe shi, mai sintiri da dare ba ya son abin da zai tona inda ya laɓe.

In kuna son sirri na gaske sai rediyon dijital mai kulle magana, ya fi tsada. Kafin nan kada ku riƙa ambatar sunan mutum ko gidan da za ku a iska. In kuma kana shakka gwada yau da yamma, ɗauki guda ɗaya ka cire mata lambar gaba ɗaya ka bar ta a tashar, ka ce sauran su yi magana.