Gwajin Jumla na Cututtukan Saduwa: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙun wannan fitowar sun taru a kan gwajin nan da ɗakunan gwaji masu zaman kansu ke haɗawa a dunƙule, inda za a ɗebi jini da fitsari sau ɗaya a duba cututtuka goma ko fiye. Likitocin wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Saura wata biyu ɗaurin aurena. Na je yin gwajin da ake nema kafin aure, sai aka nuna mini wani tsari mai cututtuka goma sha biyu, mai tsada ƙwarai. Ba na jin komai a jikina. Ya dace in yi? Daga ango mai jiran gado, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah Ya sanya alheri. Dokar da jihar Kano ta kafa a 2024 ta wajabta gwajin rukunin jini na sikila da na ƙanjamau da na ciwon hanta kafin aure, don haka waɗannan ba zaɓi ba ne. Magana tana kan ƙarin da aka tallata maka.

Amfanin faɗaɗa gwaji a fili yake, domin yawancin waɗannan cututtuka suna shiga jiki ba sallama. Mace na iya ɗaukar kilamidiya, wata cutar saduwa, watanni ba ƙaiƙayi ba fitar ruwa, cutar ta haura ta toshe bututun mahaifa, sai an yi shekaru ana neman haihuwa kafin a gano. Binciken lafiya na ƙasa da ake kira NAIIS na 2018 ya nuna kimanin mutum 8 cikin 100 na manyan Najeriya suna da ciwon hanta nau'in B, kuma akasarinsu ba su sani ba. Ga kuma wanda nauyin baki zai hana shi gaya wa likita ainihin abin da yake tsoro: gwajin jumla ya hutar da shi bayani.

Inda gizo ke saƙar shi ne, ana cakuɗa gwaji mai amfani da wanda babu abin da zai haifar sai tashin hankali. Masu amfani ga wanda ba shi da alama su ne na HIV, tunjere, ciwon hanta B da C, sai gonoriya da kilamidiya idan akwai tarihin saduwa ba kariya. Duk waɗannan, idan an same su akwai abin yi. Amma Ureaplasma da Mycoplasma hominis da Gardnerella ƙwayoyi ne da ake samu a al'aurar ɗimbin mutane masu ƙoshin lafiya. Na'urar PCR da ake irin wannan gwaji da ita tana da kaifi, za ta gano su ko da kaɗan ne, takarda ta fito da ja, a ɗora mutum kan maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako biyu a kan abin da ba ciwo ba ne.

Akwai kuma lissafi. A ce kowane gwaji yana kuskuren nuna cuta ga mai lafiya sau ɗaya cikin ɗari. Idan aka jera guda goma, kusan mutum ɗaya cikin kowane goma zai fito da sakamakon ƙarya aƙalla guda. Shawararmu, Malam, ka yi na doka, ka ƙara na tunjere, ka ƙara na fitsari, wato na gonoriya da kilamidiya, idan ka san da dalili. Idan na hanta B ya nuna ba ka da shi, ka sa ragowar kuɗin a allurar rigakafinsa: guda uku ce, ta farko, ta biyu bayan wata ɗaya, ta uku a wata na shida.

Tambaya: Likita, na yi irin wannan gwaji saboda ƙaiƙayi. Takardar ta nuna ina da HSV IgG, kuma wai an ga Staph aureus da yawa. Maigidana ya gani, yau kwana huɗu ba ya yi mini magana. Wallahi ban san kowane namiji ba sai shi. Daga wata uwar gida, Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, ki kwantar da hankalinki, kuma muna roƙon ki ba maigidan wannan shafi ya karanta. Babu ɗaya cikin abubuwa biyun nan da ke zama shaidar cin amana.

HSV, ƙwayar cuta mai kawo ƙuraje wadda gwajin jini na IgG ke neman alamarta, iri biyu ne. Na ɗaya shi ne mai kawo ƙurajen nan da ke fesowa a gefen leɓe bayan zazzaɓi, kuma galibi tun ana yara ake ɗaukarsa ta sumbar 'yan'uwa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna kusan mutum biyu cikin uku na 'yan ƙasa da shekara 50 a duniya suna ɗauke da shi. Na biyu shi ne ya fi zama a al'aura. Ki duba takardar: idan HSV kawai aka rubuta, ko aka haɗa 1 da 2 a layi ɗaya, to gwajin bai bambance su ba. Ko da HSV-2 ne, a dubi lambar da ke gefensa. Idan tana tsakanin 1.1 da 3.0, sau da yawa sakamakon ƙarya ne, sai an maimaita da wani nau'in gwaji. Gwajin jini kuma ba ya faɗin yaushe aka ɗauka ko daga wa. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ba ta goyon bayan a riƙa yi wa marasa alama shi barkatai. Hanyar da ta fi inganci ita ce a dangwali ruwan ƙurji da tsinken auduga lokacin da yake ɗanye.

Shi kuwa Staph aureus a fatar mutane da cikin hancinsu yake zaune, ba ya cikin cututtukan saduwa. Tsinken auduga ya goga fata a hanyarsa ta shiga, ko ya daɗe a ajiye kafin a shuka shi a farantin ɗakin gwaji, sai Staph ɗin ya tsiro. Abin takaici ne yadda masu tallar magani a tashoshin mota da rediyo suka mai da shi dodo, ana ta ɗirka wa mata allurai a kemis a kansa.

Ƙaiƙayin da ya kai ki, shi ne ba a duba ba. Farin ruwa mai kauri kamar kindirmo da ƙaiƙayi yawanci kandida ce, wadda ciki da ciwon suga da yawan shan maganin ƙwayoyin cuta ke tayarwa. Ruwa mai ƙarni kamar kifi rikicewar ƙwayoyin farji ne. Mai kumfa, ruwan ɗorawa ko kore-kore, shi ke sa a zargi tirikomonas, kuma shi kaɗai cikin ukun nan ake yi wa miji magani tare. Ki ga likitan mata a duba ruwan a madubin gwaji, ki kuma daina wanke ciki da sabulu ko cusa haɗe-haɗe.

Tambaya: Na yi kuskure da wata, bayan kwana biyar na yi gwajin jumla, komai ya fito lafiya. Na tsira ke nan? Daga wani matashi, Maraɗi.

Amsa: Ɗan'uwa, tukuna. Kowace cuta tana da lokacin da take ɓuya kafin gwaji ya gan ta, kuma wannan babban raunin gwajin jumla ne: rana ɗaya ake ɗibar komai alhali lokutan sun bambanta. Gonoriya da kilamidiya suna son kimanin mako biyu. HIV, idan jinin jijiya ne aka kai ɗakin gwaji mai duba ƙwayar da garkuwar jiki tare, yakan bayyana tsakanin kwana 18 da 45. Na tsinke da ake soka yatsa yana iya kaiwa kwana 90. Tunjere yakan nuna bayan mako uku zuwa shida. Saboda haka ka koma bayan mako biyu don na fitsari, bayan mako shida don na jini, sannan ka rufe da na wata uku. Kafin nan, idan kana da iyali, ka yi amfani da kwaroron roba.

Yadda ake ba da fitsarin ma yana ɓata sakamako. Ka yi aƙalla awa ɗaya ba ka yi fitsari ba, ka tari na farkon da ya fito, kamar cokali biyu na cin abinci, kada ka cika kwalbar. Na tsakiya da aka saba bayarwa na ciwon mafitsara ne. Kada ka sha kafso daga kemis kafin gwaji, yana iya danne ƙwayar ba tare da ya kashe ta ba. Fitsari kuma ba ya nuna cutar da ke maƙogwaro ko dubura, sai an dangwalo daga wurin, don haka ka gaya wa likita gaskiyar abin da ya faru.

Ga sauran masu karatu: akwai maganin kariya daga HIV da ake kira PEP, ana shan sa kwana 28, amma dole a fara cikin awa 72.

Tambaya: Ina da cikin wata huɗu, a wajen awo aka ce VDRL ɗina ya nuna. Me zan yi? Daga wata mai juna biyu, Gusau.

Amsa: Allah Ya raba lafiya. VDRL gwajin tunjere ne na matakin farko, kuma ciki kansa ko zazzaɓin cizon sauro na iya sa ya nuna ƙarya, don haka ana tabbatarwa da wani gwajin jini mai suna TPHA. Shi TPHA kuma yakan ci gaba da nunawa har abada ko an warke, ki faɗa idan an taɓa yi miki magani. Idan tabbatarwar za ta ɗauki lokaci, kada ki jira: tunjere yana jawo ɓari da haihuwar jariri ba rai, allurar maganinsa kuwa ba ta cutar da ciki. Sunanta benzathine penicillin, yunit miliyan 2.4 a ɗuwawu, sau ɗaya idan sabon kamu ne, sau uku mako-mako idan ba a san daɗewarsa ba. Ki sanar da su idan penisilin ya taɓa yi miki illa. A gwada maigida, da abokan zamanki idan akwai, a yi wa kowa magani lokaci ɗaya, in ba haka ba cutar za ta zagayo ta dawo miki kafin haihuwa.